Allon Ƙofar Doña Eduvigis

Duk Litinin nakan hau matakala ɗari da sha ɗaya,
gwiwata na ƙorafi tun daga ta arba'in,
teku a bayana yana wanke wa Valparaíso ƙafafu,
ni kuwa ba don komai ba
sai don in ga me allon ya ce.

Baƙin allo ne, jingine da tukunyar fure.
Doña Eduvigis ke rubuta shi da alli,
rubutunta a karkace kamar unguwarmu:
"Laraba, karatun yara, ƙarfe huɗu.
Kowa ya zo da matashi, kujeru ba su isa.
Juma'a, Nibaldo mai ɗinkin koma zai karanta baitocinsa,
ya rantse ba zai wuce minti ashirin ba."
Wani ya ƙara a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
"Haka ya ce bara."

A ciki, duk littafin da ya kwanta mata a rai
sai ta rataya masa 'yar takarda kamar laya.
"Wannan na wanda barci ya ƙaurace wa ne."
"Wata mata ce mai kiwon zuma a hamada;
babi na uku da gajiyarwa, a daure."
"Kada ka saya. Ara. Sau ɗaya ya ishe ka."
Na ce, da irin wannan ciniki wa zai biya haya?
Ta ce, wanda na hana sayen ɗaya
shi ke dawowa ya ɗauki biyar.

Sai wata Litinin cikin Yuli,
ruwa kamar da bakin ƙwarya, sanyi har ɓargo,
allon ya jiƙe, haruffa na zubar da farin hawaye:
"An sayar da ginin. Otal za a yi.
Mun sami tsohon gidan burodi, layi uku ƙasa.
Mota ba ta hawowa nan, kun sani.
Littattafai dubu tara ne.
Asabar, ƙarfe takwas. Ku zo da hannuwanku."

Na ɗauka ba za mu wuce goma ba.
Ko da na iso, jeri ya gangara matakala kamar tururuwa:
Ximena mai kantin magani da farar rigarta,
leburorin tashar jiragen ruwa da suka kwana aiki,
'yan makaranta, wata tsohuwa da karenta,
har Baltasar, wanda bai taɓa sayen ko jarida ba,
shekara shida yana karatu a tsaye
a lungun taswirori.

Hannu ya ba hannu.
Littafin girki ya faɗa hannun wani masunci,
ya buɗe, ya ce ai ba haka ake dafa kifin nan ba,
jeri ya tsaya cak, aka yi masa ca.
Ƙamus ya kusa kai wata yarinya ƙasa.
Ni kuma aka miƙo mini wani siriri mai shuɗin bango,
takardar wuyansa ta ce:
"Na wanda ya binne abokin zama
bai yi kuka ba tukuna."
Na riƙe shi fiye da ƙima.
Na gabana bai ce uffan ba.
Ya tsallake ni, ya karɓi na baya.

Yanzu shagon na ƙanshin fulawa,
littattafan tarihi na jere a cikin tandar da ta huce,
matakalata ta koma sittin,
gwiwata ta rage surutu.

Litinin ɗin da ta biyo, allon ya ce:
"Mun gode. Kun tara mana gajiya, mun raba ta.
Littafi ɗaya bai iso ba, shuɗi ne.
Wanda yake wurinsa kada ya yi gaggawa.
Laraba, karatun yara.
Matashi dai, kada a manta."